Matuƙin ƙaramin jirgi da Google Earth: hoton jiya, tafiyar yau

Yau zan ɗan kauce daga maganar albashi da tsadar kaya da muka saba, in taɓo wani batu da ya tsaya mini a rai tun ƙarshen makon jiya. Rubutun yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye sai ya natsu.

Ɗan yayata yana koyon tuƙin jirgin sama. Yanzu yana neman lasisin farko ne, irin wanda ake ba mai tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, wanda bai da izinin ɗaukar fasinja a biya shi. Ya zo hutu, ranar Asabar bayan la'asar ya same ni a tsakar gida da kwamfutarsa a hannu, ya ce, "Kawu, zo ka ga yadda nake shirya tafiya." Na ɗauka wata manhaja ce ta musamman mai tsada. Ashe Google Earth ce, wadda ni da kai muke buɗewa mu nemo rufin gidanmu.

Ya ja layi daga Zariya zuwa Kano, tafiyar kilomita ɗari da talatin da 'yan kai ta sama, wajen minti arba'in a ƙaramin jirgi irin Cessna 172. Sai ya karkatar da hoton yadda ƙasa za ta bayyana kamar kana kallonta daga kujerar matuƙi, ya fara bin layin a hankali. Ga dutsen Kufena a bayansa. Ga layin dogo, ga babban titin mota, duk sun miƙe arewa. Can hannun dama ga ruwan Tiga, hagu ga na Challawa. Da ya kusa Kano ya nuna mini Dala da Gwauron Dutse, ya ce da zarar ya hango su ya san inda filin jirgi yake. Ya ɗauki ma'aunin da ke cikin manhajar ya auna mini tsawon titin sauka, ya nuna mini filaye uku a hanya da ya yi wa alama, ya ce in inji ya ɗauke a nan, can zai nufa.

Wallahi abin ya burge ni. Kuma tun a nan zan faɗi matsayina don kada a ce na zo kushe ci gaba: duk matuƙin ƙaramin jirgin da zai je wurin da bai taɓa zuwa ba, ya kamata ya yi abin da yaron nan ya yi. Irin tuƙinsu da ido ake yin sa. Matuƙi yana kallon ƙasa, yana gane gari, kogi, dutse da titi, yana haɗa su da taswirar da ke cinyarsa. Taswira kuwa zane ce, ɗigo da layi. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna maka abin da idonka zai gani, har launin rufin ɗakin ajiye jirage. Wanda ya bi hanya sau uku a kwamfuta kafin ya tashi ya fi wanda zai fara ganinta yana gudun kilomita ɗari biyu a awa natsuwa. Ga shi kyauta: manhajar ta fito a 2005, babbarta ma da ake saye da kuɗi an mayar da ita kyauta tun 2015.

Inda hankalina ya tashi shi ne da na tambaye shi, "Wannan filin da ka ce za ka sauka in inji ya mutu, yaushe aka ɗauki hotonsa?" Sai ya yi shiru. Na nuna masa ƙasan allon, inda ake rubuta ranar ɗaukar hoto da ƙananan baƙi. Hoton ya haura shekara biyu.

Abin da ya sa idona ya je wurin kai tsaye, ni ma an taɓa cizona. Waɗanda suka san ni sun san aikina na gwamnati ya shafi filaye da taswira, kuma kusan kullum da hoton sama muke aiki. Shekarun baya an turo ni in duba wani fili a bayan gari in rubuta rahoto. Rana ta yi zafi, motar ofis ba mai, sai na buɗe hoton da muke da shi, na ga fili fetal, gona ce da 'yan itatuwan ɗorawa. Na rubuta cewa babu gini, na sa hannu. Bayan sati uku da aka je da ma'aikatan awo, gidaje aka tarar sun fi goma, da masallaci, da wani dogon ƙarfen sabis a tsakiya. Laifin nawa ne, ban duba ranar hoton ba, ban kuma taka da ƙafata ba. Na sha takardar neman ba'asi, na sha kunya a gaban yaran da nake koya wa aiki. To ni takarda ce ta same ni. Matuƙin da injinsa ya ɗauke, ya nufi filin da ya haddace a kwamfuta, ya tarar da ƙarfen sabis, wa zai rubuta wa ba'asi?

Mutane da yawa suna ɗauka abin da suke gani a Google Earth kai tsaye ne, kamar akwai kyamara a sama tana kallonsu yanzu. A'a. Hotuna ne da aka ɗauka a lokuta daban-daban aka ɗinke su kamar rigar faci. Unguwa ɗaya hotonta na bara ne, ƙauyen da ke gefenta na shekara uku baya. Manyan birane ana sabunta nasu akai-akai, karkara kuwa takan jima, alhali ita ce inda ƙaramin jirgi ya fi ratsawa. Sannan akwai maganar damina da rani. In hoton na watan Agusta ne za ka ga ƙasa kore shar, koguna cike, madatsar ruwa ta bazu. Ka tashi a watan Maris ka tarar da ƙasa ja, kogin ya koma yashi, bakin ruwan ya ja baya. Filin da ya yi kyau a hoton rani kuma, da damina fadama ce da za ta riƙe taya ta kifar da jirgi.

Ko da hoton na jiya ne, akwai abubuwan da ba ya nunawa. Wayar wutar lantarki ba ta fitowa. Manyan layukan nan masu ƙarfin 330kV, irin wanda ya taso daga Kaduna zuwa Kano, in ka yi sa'a inuwar turakunsu za ka gani, wayar kanta babu. Ƙarfen sabis daga sama ɗigo ne kawai, ba za ka san ko mita talatin ne ko sittin ba. Tsayin ƙasar da manhajar ke nuna maka ma, a wurare da yawa tushensa awon da kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi ne da rada a watan Fabrairun 2000, kuma awon yana ɗaukar kowane yanki mai faɗin kusan mita talatin a matsayin ɗigo ɗaya. Wannan ya isa ya nuna maka tsaunin Mambila ko duwatsun Jos, amma bai san da turken da aka kafa bara ba. Kar ku ɗauka ƙaramar magana ce. A 2019 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta yi barazanar rushe turakun sadarwa sama da 7,000 saboda ba su da takardar izinin tsayi daga wurinta. In hukuma da kanta tana fama da sanin abin da aka kafa, ina ga hoto?

Na biyu, doka ba ta fitowa a hoto. Sararin sama a yanke yake kamar filayen unguwa, akwai inda sai da izinin hasumiya za ka shiga, akwai na sojoji, akwai inda aka haramta ratsawa gaba ɗaya. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a sararin Zamfara saboda matsalar tsaro. Ka buɗe hoton Gusau a ranar, babu abin da ya canza. A 2017 an rufe filin jirgin Abuja na sati shida ana gyaran titi, aka karkatar da jirage Kaduna. Duk tsawon lokacin, titin yana nan shimfiɗe a hoto kamar yana jiranka. Irin waɗannan labarai a sanarwar matuƙa ake samun su, wadda ake kira NOTAM, da kuma littafin bayanan sararin sama da hukumar NAMA ke fitarwa. A duniya duka, bayanan jiragen sama a kan zagayen kwana 28 ake sabunta su. Ka kwatanta kwana 28 da hoton da ya shekara biyu.

Na uku, kuma wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne yanayi. Kamfanonin hoto suna zaɓen ranar da gari ya yi garau ne, babu gajimare babu ƙura, don hoton ya fito da kyau. Wato duk atisayen da yaron nan yake yi a kwamfuta, a ranar da ta fi kowace kyau yake yin sa. Mu kuwa ga mu cikin hunturu. Ku leƙa waje da safe. Akwai ranakun da hazo ke saukowa har mutum ba ya ganin abin da ke kilomita ɗaya a gabansa, manyan jirage masu na'urori ma a jinkirta su ko a soke tashinsu, fasinjoji su yini a filin jirgi suna masifa. Ƙa'idar tuƙi da ido a ƙasa-ƙasa tana neman matuƙi ya iya hangen kilomita biyar. A rana irin wannan Kufena da Dala da ruwan Tiga duk suna nan, amma ba za ka gan su ba. Kuma hazo mayaudari ne: in ka kalli ƙasa kai tsaye ƙarƙashinka kana ganinta, sai ka ɗauka lafiya lau, amma gabanka fari fat, babu inda sama ta rabu da ƙasa.

Da zarar wannan layin ya ɓace wa matuƙin da bai koyi tuƙi da na'ura ba, jikinsa zai fara yi masa ƙarya. Jirgi yana karkata, shi yana jin a miƙe yake. Tun 1954 Jami'ar Illinois a Amurka ta gwada matuƙa ashirin da ba su da wannan horo, aka rufe musu ganin waje. A matsakaici daƙiƙa 178 suka yi kafin jirgin ya kuɓuce musu, ko minti uku ba su cika ba. Abin da ya ci ɗan tsohon shugaban Amurka kenan, John Kennedy ƙarami, ranar 16 ga Yulin 1999. Shi ke tuƙa ƙaramin jirginsa da dare a kan teku cikin hazo, da matarsa da 'yar'uwarta, hanyar kuma ya san ta. Babu wanda ya tsira.

Mu ma a gida muna da namu darasin. Ranar 25 ga Oktoban 2012 gwamnan Taraba na lokacin, marigayi Danbaba Suntai, ya tuƙo jirgi ƙirar Cessna 208 daga Jalingo zuwa Yola, ya faɗi kafin ya kai filin. Rahoton masu binciken haɗurra ya nuna tafiya ce ta tuƙi da ido da ta kai bayan faɗuwar rana, kuma lasisin da ke hannunsa bai kai na wannan jirgi ba. Ya rayu da jinya mai tsanani har ya rasu a 2017. Ban kawo wannan don in taɓa mamaci ba, Allah ya ba iyalansa haƙuri. Na kawo ne don mutumin ya san hanyar Jalingo zuwa Yola fiye da yadda kowane hoto zai koya masa. Sanin hanya bai taimaka ba da haske ya tafi.

Akwai kuma zafi, wanda shi ma ba ya fitowa a hoto. Yaron ya auna mini titi ya ce ya ishe shi. Na ce ya ishe ka a wane wata? Iska in ta yi zafi sai ta yi sakayau, fukafuki ba sa samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Filin jirgin Kano yana kan tsayin ƙafa 1,500 da ɗoriya daga teku. Amma a watan Afrilu da rana tsaka, zafi ya kai digiri 40, jirgi yana jin kamar yana wajen ƙafa 5,000 ne. Gudun da zai yi a ƙasa kafin ya ɗaga sai ya ƙaru, hawansa ya yi nauyi. A babban fili irin na Kano ƙaramin jirgi yana da sarari. A ɗan gajeren titin ƙasa na gona ko na kamfani a daji, mai itatuwa a ƙarshensa, wannan lissafin shi ne komai. Shi kansa ya san lissafin, an koya musu. Daɗin hoton ne ya sa ya manta ya ambata.

Da na kawo maganar a majalisarmu da dare, sai ra'ayi ya rabu biyu, kuma duka biyun ban yarda da su ba.

Wani abokinmu ya ce ai tun farko bai kamata a bar irin wannan manhaja a hannun kowa ba, a ƙasar da 'yan bindiga ke yawo da jirage marasa matuƙa. Na fahimci tsoronsa. Amma ɗan bindigar da ya tashi a dajin ya fi hoton sanin dajin, kuma hoton a wajen ƙasar nan ake ɗaukarsa, ba ka da ƙofar da za ka rufe. In ka hana, mai bin doka kaɗai ka hana: ɗalibin tuƙi, ma'aikacin awo, manomi, mai kai agaji lokacin ambaliya.

Wani kuma ya ce duk wannan tsoro ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, rai a hannun Allah yake. Amma mai faɗin haka ba zai shiga motar da aka ce masa ba ta da birki ba. Kuma matuƙi ba ransa kaɗai ya ɗauko ba. Mutanen Kano ba su manta da 4 ga Mayun 2002 ba, ranar da jirgin fasinja ya faɗo kan gidaje a Gwammaja, aka rasa rai sama da ɗari, har da waɗanda ke zaune a ɗakunansu ba su taɓa sayen tikiti ba. Shi ya sa wannan magana ta shafe ka ko da ba ka taɓa shiga jirgi ba. Duk wanda ke ƙarƙashin hanyar jirgi yana da haƙƙi a kan yadda matuƙi ya shirya.

Abin da nake gani shi ne a ajiye kowane abu a gurbinsa. Taswirar jiragen sama ta hukuma ita ce tushe, a kanta ake zana hanya da tsayin da za a bi. Sai NOTAM ta ranar. Sai rahoton yanayi daga NiMet, na filin tashi, na hanya da na filin sauka, a duba da daddare a sake dubawa kafin a tayar da inji. Sai lissafin mai da nauyi da zafi. In ƙaramin fili ne da ba hasumiya, a ɗaga waya a kira mutumin da ke wurin a tambaye shi: an yi ruwa jiya? Ciyawa ta yi tsawo? Shanu suna ratsawa? An yi sabon gini a bakin titin? Matambayi ba ya ɓata. Bayan duk wannan sai a buɗe Google Earth a yi bita, a fara da duba ranar hoton, a buɗe tsofaffin hotunan wurin a ga yadda yake canzawa shekara zuwa shekara. In gari yana cin filin a kowane hoto, ka san yau ya ƙara ci.

Hukumominmu ma akwai nasu. Dalilin da ya sa yaro ke rugawa Google Earth shi ne tana aljihunsa, kyauta, cikin daƙiƙa. A Amurka taswirar tuƙi da ido ta hukuma kowa na iya sauke ta a intanet ba ko sisi, kuma duk kwana 56 ake sabunta ta. Burina a ce ɗalibi a Zariya ko Ilori yana samun taswirarmu, da sanarwar ranar, da jerin dogayen turaku da tsayinsu, a wayarsa da irin wannan sauƙin. Muna da kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964. Mun harba tauraron ɗaukar hoto na farko a 2003, muka ƙara biyu a 2011. Ilimin yana nan, ma'aikatan suna nan. Ni ma'aikaci ne, na san yadda bayani mai amfani ke kwana a fayil a cikin kabad saboda babu wanda aka ɗora wa alhakin fitar da shi. Su ma ofisoshin da ke ba da izinin gini a jihohi, irin namu, bai kamata mu sa hannu a kan dogon ƙarfe ba sai mun ga takardar NCAA. Wannan gyara ba ya buƙatar kwangilar biliyan.

Da yaron ya tafi, Yaya ta kira ni. Dama tun da ya fara karatun nan ba ta barci sosai ranar da ta san zai tashi. Ta ce, "Me ka gani? Ka dai san ni ban gane komai a abin nan ba." Na ce mata yaronki yana da hankali, yana shiri fiye da yadda na zata, kuma da na nuna masa ranar hoton bai yi gardama ba, alƙalami ya ɗauko ya rubuta. Na ce abu ɗaya na roƙe shi, kuma ke ma ki riƙa tuna masa: ranar da ya shirya komai, ya haddace hanya, ya zo fili ya ga gari ya yi fari, ko rana ta yi nisa, to ya kulle jirgi ya koma ɗaki, ko wa ke jiransa a ɗaya gefen. Mu da muka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kamar don matuƙa muka faɗa.

In akwai matuƙa ko malaman tuƙi a cikin masu bibiyata, ina son jin ta bakinku, musamman yadda kuke yi da ƙananan filaye lokacin hunturu. Inda na yi kuskure a gyara mini, ni ma'aikacin ƙasa ne, sama taku ce.

Allah ya tsare mana yaranmu, na sama da na ƙasa, ya kai kowa gida lafiya.